Gardama A Zangon Agege: Abin Da Kasuwar Goro Ta Sani

A cikin kalmomin ciniki na Hausa da wuya a sami wadda ta kai "albarka" hikima. Mai saye ya taya kaya da kuɗin da bai kai ba, mai kaya bai yarda ba, amma maimakon ya ce a'a, ko ya ce an raina masa dukiya, sai ya ce albarka. Watau ya ƙi tayin, ya kuma yi wa mai tayin fatan alheri, duk a numfashi guda. Mai saye ba ya jin an muzanta shi, saboda haka ko dai ya ƙara, ko ya yi gaba abinsa, gobe kuma ya dawo su gaisa kamar ba a yi ba. Da wannan kalma da 'yan'uwanta Hausawan Agege suka shafe fiye da shekara 100 suna ja-in-ja kowace safiya a kan dukiya mai nauyi, ba su watse ba. To, abin tambaya shi ne, yaya aka yi mutanen da suka gwanance da saɓani a kan kuɗi har haka, da zarar zance ya koma kan addini ko ra'ayi sai gwanintar ta gudu ta bar su, ɗan'uwa ya daina amsa sallamar ɗan'uwa, a raba masallaci, wani lokaci har a raba aure?

Kafin a taɓa wannan tambaya ya kamata mai karatu ya san yadda zaman ya samo asali. A zamanin da, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja fatake suke ɗauko shi a bisa jakuna, tafiyar watanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana waccan hanya, fatauci ya karkata ta teku, ana loda goro a Ankara ta ƙasar Gana a sauke shi a Ikko, kuma marigayi Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan safara. Hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege ta isa Badun a 1901, ta kai Kano a 1911. Manoman yankin Agege, waɗanda suka yi suna da noman koko, suka shiga dasa irin goron da mutanen Arewa ke so. Inda goro da tasha suka haɗu kuwa ba a rasa Bahaushe. Haka zango ya kafu ya bunƙasa, daga baya cinikin shanu da mayankar Oko-Oba suka ƙara masa jama'a. Kanawa ne, Katsinawa ne, Sakkwatawa ne, mutanen Maraɗi da Damagaram ne, har da Barebari da Zabarmawa da Buzaye, amma a bakin mutumin Ikko dukansu sunansu ɗaya, Hausa.

Ginshiƙin wannan fatauci shi ne maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Baƙo ya zo daga Arewa da shanu ko da kuɗin goro, bai san gari ba, bai ji Yarbanci ba. Maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sa'an nan, abin da ya fi kome muhimmanci, ya tsaya masa. Yawancin cinikin bashi ne, babu takarda, babu sa hannu. Mahauci ya karɓi sa yau, biya sai bayan ya yanka ya sayar. In ya ƙi biya, wuyan maigida aka riƙe. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963 ya nazarci irin wannan tsari, ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa dukan fataucin a kan amana yake tsaye, amanar kuwa unguwa ce ke tsaronta, domin wanda ya ci ta sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowane zango.

A irin wannan wuri saɓani abincin yau da kullum ne, sai dai yana da hanyar da ake bi da shi. In mai saye ya ce goron da aka ba shi ya yi tsutsa, mai sayarwa ya ce lafiya lau ya ɗaure shi, ba a tsayawa rantse-rantse. Sai a ce a kwance huhun. A buɗe ganye a gaban kowa, a zaɓe, a ga ƙwarya nawa ta lalace. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, domin sai a tarar abin da ake hayaniya a kansa bai kai rabin yadda kowannensu ya ɗauka ba. In ba ta mutu ba, dillali ya shiga tsakani, aikinsa kuwa ba kai magana kaɗai ba ne, har da tace ta. Wannan ya ce wancan macuci ne, dillali ya je ya ce, "Alhaji ya ce a dai sake dubawa." In ta fi ƙarfin dillali ta je ga iyayen gida, in ta fi ƙarfinsu ta je fadar Sarkin Hausawa. Zuwa kotu ko ofishin 'yan sanda shi ne na ƙarshe, kuma a wurin dattawan zango abin kunya ne, don ya nuna an rasa babba a unguwa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi duka. Dattijo ba ya cewa wane ne ya yi gaskiya, wane ya yi ƙarya, in dai akwai makawa. Sai ya dubi wanda ya fi ƙarfi ya ce, "Alhaji, wannan ka bar mini." Da haka wanda ya sassauta ba abokin jayayyarsa ya sassauta wa ba, dattijo ya yi wa kara. Ya fita da rawaninsa a kansa. Dattawan sun daɗe da gane cewa mutum ya fi sauƙin rabuwa da kuɗinsa a kan rabuwa da mutuncinsa a gaban jama'a, kuma wanda aka tsare a lungu ba ya amsa gaskiya ko da ya gan ta.

Kada dai a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Yana da shi, babba ma. Sulhun dattawa ya kan karkata wajen mai hannu da shuni, kuma yaron gida ko ɗan dako da aka danne wa hakki sau da yawa abin da ya kan samu shi ne "ka yi haƙuri". Haƙurin da kullum talaka ake ba shi ba adalci ba ne, rufe miki ne da ruɓa a ciki. Amma duk da haka tsarin ya san abu guda da ba a raina shi: waɗanda ke jayayya yau, gobe za su sake bukatar juna, don haka kowace jayayya sai an bar mata ƙofar fita.

Wani zai ce ai wannan kasuwa ce, addini kuwa ba a tayi a cikinsa, gaskiya ɗaya ce. Haka ne, ba a rage farashin gaskiya. Sai dai malaman Musulunci na da, waɗanda ba wanda zai zarge su da wasa da addini, sun shimfiɗa wa gardama ƙa'idoji da suka fi kama da na kasuwar goro a kan abin da ake ji a lasifika yau. Fanni ne mai zaman kansa, ana kiransa ladubban bincike da munazara, kuma wani malamin Samarkandi mai suna Shamsuddini ne ya tsara shi wajen ƙarshen ƙarni na 13. A cikinsa an raba aiki biyu: akwai mai da'awa, akwai mai tambaya. Wanda ya ɗauko magana daga wani littafi, abin da ke kansa shi ne ya nuna lalle tana can. Wanda ya kawo ra'ayin kansa, hujja ke kansa. Mai tambaya yana da ikon ya nemi dalili, ko ya nuna dalilin ya warware a wani wuri, ko ya kawo dalilin da ya ci karo da shi, amma ba shi da ikon ya ƙwace kujerar mai da'awa tun bai gama ba. Kafin duk wannan kuma sai an tantance ainihin wurin saɓanin, kada a kwana ana musu alhali magana ɗaya ake faɗa da lafazi biyu. Wannan shi ne kwance huhu na malamai.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi a farkon Ihya'u Ulumiddini, littafin da har yanzu ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya kawo sharuɗɗa 8 na munazara. A cikinsu akwai cewa yin ta a keɓe ya fi yin ta a gaban taro da manyan gari, domin taro yana motsa riya. Akwai cewa mai yin ta ya zama kamar wanda dabbarsa ta ɓace yana cigiya, bai damu ba ko shi ya gan ta ko wani ya gano masa, abokin gardamarsa mataimaki ne. Sa'an nan ya jera cututtukan da ke biyo bayan gardamar neman rinjaye: hassada, girman kai, ƙullata, giba, bin diddigin laifin mutane, da farin ciki in abokin hamayya ya yi tuntuɓe. Duk wanda ya saurari raddin da malamai ke yi wa juna a wannan zamani zai rantse jiya aka rubuta babin.

Ba sai an je Bagadaza neman misali ba, ga shi a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauki Malam Jibrilu ɗan Umaru a matsayin babban malaminsa, ya yabe shi yabo mai yawa, amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa masu aikata manyan zunubai sun fita daga Musulunci, Shehu ya rubuta ya nuna ba haka Ahlus Sunna suka tafi ba. Ya ƙi maganar, ya riƙe girman mai maganar. Haka kuma ya yi rubuce-rubuce da dama yana kwaɓar wasu ɗalibai masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Bayan jihadi ya yi nasara saɓani ya shiga tsakaninsa da ƙanensa Abdullahin Gwandu a kan al'amuran mulki, irin su kiɗa da tufafin ado da laƙabin sarauta. Abdullahi ya tsananta, Shehu ya sassauta a inda ya ga malamai sun saɓa, ya kafa hujja da cewa ba a yin inkari a kan abin da aka yi saɓani a cikinsa. A cikin Najmul Ikhwan, littafin da ya tattauna irin waɗannan mas'aloli, a nan ne kuma ya hori jama'a su lazimci karanta littattafan ɗan'uwan nasa.

Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno. Bayan mutanen jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu ya aiko da wasiƙa yana tambayar dalilin yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci. Hujjarsa mai kaifi ce: abubuwan da ake zargin Barno da su, irin su cin hanci da fitar mata babu lulluɓi da wasu al'adu, saɓo ne, saɓo kuwa ba kafirci ba ne, kuma akwai irinsu har a Masar. Sakkwato ta amsa cewa laifin Barno shi ne taimakon sarakunan Hausa a kan Musulmi. Wasiƙun ba su hana yaƙi ba, wannan gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa. Amma ga abin lura: da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sai ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya sa a ciki, sa'an nan ya biyo da amsa. Har gobe mai karanta littafin Bello yana iya fitowa yana ganin Shehu Laminu ya fi hujja, kuma Bello ne da hannunsa ya ba shi wannan dama. Mutum nawa ne cikin masu raddi na yau za su iya faɗin hujjar abokin hamayyarsu yadda shi da kansa zai ji ya ce, "I, haka nake nufi"?

To, a dawo Ikko, domin ita ma tana da nata tarihin, kuma ba mai daɗi ba ne. Cikin shekarun 1870 Musulmin birnin suka rabu a kan ko Alƙur'ani kaɗai ya isa a yi wa'azi da shi ko sai an haɗa da sauran littattafai. Waɗanda suka tsaya a kan na farko aka kira su Alukurani, suka ware da masallacinsu a Aroloya, kuma a 1921 da yawansu suka bi Ahmadiyya. Wadda ta fi wannan tsawo ita ce rigimar kuɗin ruwa. Gwamnatin Turawa ta gina ma'aikatar ruwa a Iju, nan kusa da Agege, aka buɗe ta a 1915, aka ɗora wa mutanen gari harajin famfo. Jama'a suka ƙi. Limamin babban masallaci, Lemomu Braimah, ya goyi bayan gwamnati, mafi yawan mamu suka juya masa baya. Daga maganar famfo aka koma maganar wa ke da iko da masallaci, aka yi ta shari'a a gaban alƙalan da ba Musulmi ba, ɓangaren liman ya koma wani masallaci, ba a dinke ɓarakar ba sai a 1947. Kimanin shekara 30 ke nan. Yaran da aka haifa cikin rigimar sun girma sun gaji gabar, da yawansu ba su san daga famfo ta taso ba. Ba a sami wanda ya ce a kwance huhun tun da wuri ba.

Irin wannan rufa siyasa da rigar addini ta faru a zangon Hausawa ma. A 1952 mutanen Sabon Badun suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Juma'arsu a cikin unguwa, a daidai lokacin da mafi yawansu suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya. Dalilan da aka bayar na ibada ne. Cohen kuwa ya fassara abin da cewa unguwar ce ke neman sabon maɗauri, ganin mulkin Turawa da ya ba ta gindin zama yana shirin naɗe tabarmarsa, siyasar jam'iyyu kuma ta shigo. Ko an yarda da fassararsa ko ba a yarda ba, ta tuna wa mai hankali cewa abin da ake faɗa a baki ba kullum ne shi ke ƙasan tukunya ba.

A waɗannan shekaru ne kuma rigimar ƙabalu da sadalu ta kama Arewa. Almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha suna ɗora hannu a ƙirji cikin salla, malaman Sakkwato da masu bin su suna sakewa. An rubuta littattafai, an ƙi bin juna salla, a 1965 har an zub da jini a yankin Argungu, da 'yan sanda cikin waɗanda suka mutu. Yau fa? Mai karatu ya leƙa kowane masallaci a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, zai ga mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa a sahu guda, ba wanda ya ko waiwayi wani. Ba muƙabala ce ta kashe wannan wuta ba, ba kuma wani ɓangare ne ya miƙa wuya ba. Mutane ne suka gaji, suka gane daga baya abin da littattafan fiƙihu suka faɗa tun farko, cewa duka biyun suna da asali. Waɗanda suka mutu a kai kuwa sun riga sun mutu.

Da littafin Shehu Abubakar Gumi na 1972 a kan ingantacciyar aƙida, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 a ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, sai aka shiga wani sabon babi. Wannan karon saɓanin ya fi zurfi, don ya taɓa aƙida, kuma ya zo daidai da zamanin rediyo da kaset. Motocin da ke kawo shanu da albasa da tumatir Ikko su ne ke kawo kaset-kaset na wa'azi da na martani, kowane ɓangare da nasa. Ba a musun cewa wannan gardama ta amfanar: ta sa matasa sun koma ga littafi, ta sa almajiri ya iya cewa, "Allah ya gafarta Malam, a wane littafi ne?" ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, ta kuma buɗe wa matan aure makarantu. Amma ta zo da wani salo wanda ya saɓa wa duk sharuɗɗan Gazali. Malam yana magana da abokin hamayyar da ba ya wurin, a gaban taron da duk nasa ne, waɗanda ke jiran inda za su yi kabbara. A irin wannan zama ba mai iya cewa "wannan kam ka fi ni gaskiya", domin almajiransa za su watse kafin ya rufe baki.

Daga nan aka sami muƙabala irin ta zamani, wadda ake shiryawa kamar dambe, da alƙali da agogo da na'urar ɗaukar hoto. A 2006 Malam Isa Ali Fantami ya yi muƙabala da Muhammad Yusuf a Bauci a kan karatun boko da aikin gwamnati, aka ɗauka aka yaɗa. Bayan shekara 3 aka yi tashin hankalin Maiduguri na 2009. A ranar 10 ga Yuli 2021 gwamnatin Kano ta shirya wata tsakanin Malam Abduljabbar Nasiru Kabara da wasu malamai, Farfesa Salisu Shehu yana alƙalanci. Alƙali ya ce bai amsa tambayoyin ba, shi kuma ya koka da ƙarancin lokaci, bayan 'yan kwanaki aka kama shi, kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa a Disamba 2022. Ba a nan za a yanke wa ya yi daidai a waɗannan zama biyu ba, kuma akwai maganganun da lalle sai an tsaya an ƙaryata su a fili don kare jama'a. Abin da ake nufi shi ne, muƙabala irin wannan tana iya faɗakar da mai kallo, tana iya share fagen shari'a, amma ba kayan aikin maƙwabta ba ce. Wanda ya ɗauko salonta ya kawo majalisar mai shayi ko harabar masallacin unguwa, ya kawo gatari wurin da allura ake bukata.

Abin mamaki, a cikin Agege ɗin kanta akwai wurin da aka gwada wata hanya. Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa Markaz a Abekuta a 1952, bayan 'yan shekaru ya dawo da ita Agege, inda ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1992. Shi ne ya rubuta littafi da Larabci a kan Musulunci a Nijeriya da Shehu ɗan Fodiyo. Mutum ne mai kaifin harshe, ya soki al'adun jahiliyya da suka cuɗanya da addini, bai kuma yarda da kafirta ma'abota ɗariƙu ba. Makaminsa alƙalami ne da aji. Wanda bai yarda da shi ba yana iya ɗaukar littafin ya zauna shi kaɗai ya auna, ba tare da idon taro a kansa ba. Rubutu yana tilasta wa mai gardama ya yi sanyi, don kafin tawada ta bushe fushi ya ragu.

Me ya sa wannan magana ta fi nauyi a zango a kan Kano ko Zariya? Domin mutumin zango baƙo ne, ko da a nan aka haifi kakansa, kuma ƙaramar magana a Ikko ba ta daɗewa tana ƙarama. A Fabrairu 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-bamai a barikin soja na Ikeja, rikici ya tashi a Idi-Araba, wanda rahotannin lokacin suka ce daga taƙaddama a kan wani da ya yi bahaya kusa da masallaci ya faro. Kafin a kashe wutar an rasa rayuka kimanin 100, dubbai sun bar gidajensu. A Maris 2016 hatsaniyar da ta faro daga ɗan acaɓa ta jawo kashe-kashe a Mile 12, gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar na makonni. A irin wannan rana abin da ke ceton rayuka shi ne a sami dattawan da in sun yi magana da sarakunan Yarbawa da hukuma, kowa ya san da bakin unguwa duka suke magana, in kuma sun ce wa matasa su koma gida, su koma. Unguwar da limamanta ba sa gaisawa ba ta da irin wannan baki. Ga shi kuwa al'ada ta tanadi abin sanyaya zance tun da daɗewa: Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bafillace da Babarbare, jikokin waɗanda suka yi wa juna wasiƙu da yaƙi a zamanin Bello. Ba'ar da ke tsakaninsu ta kan faɗi abin da in da gaske aka faɗe shi sai an zare wuƙa.

Sai dai ginshiƙin da aka fara ambata, watau maigida, shi ne ke girgiza. Dubban matasan da suka kwararo Ikko cikin shekarun nan, masu gudun talauci da masu gudun 'yan bindiga, ba gidan kowa suka sauka ba. Ɗan acaɓa ko mai jari-bola ba ya bukatar wanda zai tsaya masa kamar yadda mai shanu ke bukata, kuma da gwamnati ta hana acaɓa a wasu sassan birnin a 2020 da 2022 sai suka ƙara warwatsuwa. Malaminsu yana cikin wayar da ke aljihunsu, yana zaune a Kano ko Bauci ko Jos, bai san Agege ba, ba kuwa shi zai kwana cikin tsoro ba in maganarsa ta haddasa fitina. Dillalin da ya kai gulma tsakanin 'yan kasuwa biyu gobe ba mai ba shi kaya, wannan ne ke tsare harshensa. Mai raddi daga nesa ba ya asarar kome, hasali ma da zafin maganarsa da yawan masu saurarensa tare suke hauhawa. Ana yanko minti 2 daga karatun sa'a 2 a watsa, yaro ya ji, ya zo majalisa ya yanke wa maƙwabcinsa hukuncin wuta.

Ba wanda zai iya tsare abin da ke shigowa ta waya. Amma abin da ke hawa mumbarin unguwa yana hannun mutanen unguwa. Baƙon da ya zo da shanu ba a barinsa ya shiga kara sai an san gidan da ya sauka. Ba laifi ba ne a nemi haka daga baƙon da ya zo da wa'azi: a san wanda ya gayyato shi, wanda zai amsa in ya kira sunan wani malami ya zage shi, ko ya kafirta mutanen masallacin da ke tsallaken titi. Mas'alar da ta tsaya wa malamai biyu a wuya kuma a kai ta zaure, da littattafai a buɗe, da shaidu kaɗan masu ilmi daga kowane ɓangare, babu lasifika, babu mai ɗauka, a fara da kowa ya faɗi hujjar ɗan'uwansa har sai ɗan'uwan ya yarda an faɗe ta daidai. In an tashi ba a daidaita ba, a rubuta wuraren da aka haɗu da wuraren da aka rabu, kowa ya sa hannu, a karanta wa jama'a a masallatan duka biyu. Wannan aiki ne na fadar Sarkin Hausawa da limaman Juma'a na Izala da na ɗariƙa, lokacin da ya fi dacewa da shi kuwa shi ne watan Sha'aban, kafin masu tafsirin azumi su fara sauka daga Arewa.